Lafiyarsa Ƙalau

Yayata tela ce, kuma tun tasowata ban taɓa ganin ta zauna da natsuwa ba. Ƙafa na kan keke, ido na kan ƙofa, kunne na ɗakin baya inda ɗanta Dogo yake. Tun yana saurayi Dogo ke jin muryoyi a cikin bango. In abin ya motsa sai ta kulle shi, ta ƙure rediyo, ta yi ta taka keke har maƙwabta su ce kasuwa ta buɗe mata.

Asibiti kuwa ko hanyar ba ta bi ba. Tana da 'yan mata a gabanta, ta kuma san manema ba sa son gidan da aka ce akwai taɓin hankali. Wata mai kawo ɗinki ta taɓa tambaya ko yaron lafiya yake, Yaya ta wurgo mata yadinta waje. "Lafiyarsa ƙalau," in ji ta, "miskilanci ne irin na ubansa." Na yi faɗa har na gaji, Yaya kunnen ƙashi gare ta.

'Yan matan duk sun yi aure. Sai ranar da mai gyaran wuta ya zo yana fasa bangon ɗakin baya. Dogo ya zaci masu muryoyin ne suka fito, ya buga masa dutsen guga a ka. Mutumin bai tashi ba.

Lauya bai ɓoye mata komai ba. "Mama, in kotu ba ta yarda cewa bai san abin da yake yi ba, hukuncin kisa ne. Likita zai duba shi, amma ina buƙatar shaidun da suka san ciwon tun da can. Maganarki ke kaɗai, za a ce uwa ce."

Tun daga ranar keke ya yi tsit. Yaya na bin gida gida, mayafi a karkace, ni ina biye da ita. A ƙofar wani dattijo mai shago a unguwarmu na ji ta furta kalmar da ta shekara da shekaru tana korar mutane a kanta.

"Malam, ka san Dogo mahaukaci ne. Don Allah ka zo ka faɗa wa alƙali."

Dattijon ya sunkuyar da kai don kunya, ya tausasa murya.

"Haba, uwar Dogo, daina faɗin haka. Duk unguwar nan shaida ne, yaron nan lafiyarsa ƙalau."