Abin da Idon Dama ya Gani

Shekara ashirin da shida Noeline Treloar ta yi a gaban taga guda a birnin Perth, tagar da ke kallon kudu, inda rana ba ta shigowa kai tsaye. Aikinta ware lu'ulu'un da ake haƙowa daga arewa, kowane launi da tulinsa, hantsaki a hannu, farar takarda a gaba. Yawancinsu masu ruwan ƙasa ne ko ruwan ɗorawa, na arha. Amma jifa-jifa sai ga mai ruwan hoda, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, wanda kuɗinsa zai sayi gida a bakin kogi.

Wannan bambanci ya hana ta sakat. Rami ɗaya, dutse ɗaya, to me ya raba su? Ta dami masanan wurin da tambaya har suka fara sauya hanya in sun hango ta. Daga ƙarshe ɗaya ya ce mai ruwan ɗorawa wani sinadari ne ya shige shi, mai ruwan hoda kuwa matsa ya sha a ƙarƙashin ƙasa har cikinsa ya murɗe.

"Ashe wahala ake saye da tsada," in ji ta.

Ba ta sa jan baki ko riga mai launi, don kada launin ya faɗa cikin dutse ya yaudare ta. Des, mai teburin gefe, yakan ce, "Noel, mijinki ya san bango ya aura?"

"Bangon da ya fi ka gani," take ba shi amsa. Kujerar taga ta wanda ya fi kowa ido ce, kuma duk duniya ba abin da take taƙama da shi kamarta.

Sai likita ya ce yanar ido ta fara rufe mata gani. Aka yi wa na dama aiki, aka bar na hagu sai bayan wata biyu. Ranar da ta dawo, ta jawo tulin masu ruwan ƙasa da ta ware kafin ta tafi, don kawai ta gwada sabon idon. Ta rufe hagu, sai wani dutse ya yi ja-ja. Ta rufe dama, ya koma ruwan shayi.

"Des, cire wannan jar hular ƙwallon, tana ɓata mini haske."

"Haba Noel, sanƙona ya fi ta haske!"

Ya fitar da hular, dutsen bai sauya ba. Kafin azahar ta tsinci masu ruwan hoda uku a tuli ɗaya. Yanar kuwa ba jiya ta fara ba, kuma ba mai sake duba abin da Noeline ta ware. Nawa suka wuce a shekarun nan? Kunya ta kama ta har wuya.

Des ya rage murya. "Ke dai ja bakinki. Wa ya gani? Masu sayen arha sun taki sa'a, shi ke nan."

Ta naɗe duwatsun uku a takarda, ta kai wa shugabansu, ta faɗa masa komai. Da ta dawo ta kwashe hantsakinta da kofin shayinta, ta tura wa Des kujerar tagar.

"Zauna, taka ce," ta ce. "Amma gobe ka je a duba maka ido. Ni ma jiya da rantsuwa zan ce ina gani."