Sallamar Rakiya a Ƙofa ta Bakwai

Ranar Alhamis ta ƙarshen hutun damina, shekarar da na cika tara, muka kai ƙofa ta bakwai ni da ƙanwata Rakiya. An yi ruwa da asuba, tsakar gidanmu na Lamorde duk taɓo, Inna tana gyaran zogalen kopto, wato kwaɗo, a bakin murhu, mu kuwa muna durƙushe gaban tsohuwar ordinatar, wato kwamfutar, da Kawu Isufu ya kawo mana daga shagon gyaransa.

Wasa ɗaya ne a cikinta, na gimbiyoyi biyu, mai shuɗiyar riga da mai rawaya. Babu takobi, ba a kashe kowa. Aikinsu ban ruwan lambu da mayar da ƴan tsakin da suka ɓace wurin uwarsu. Ƙofa kuwa ba ta buɗewa sai kowace ta tsaya a kan dutsenta, su shiga tare. Madannan dama nawa ne, na hagu na Rakiya, da su take tuƙa mai rawaya. Inna ba ta barinmu mu taɓa sai mun yi shara, mun ɗauraye kwanuka, mun biya allo. Duk hanyar da muka wuce nakan rubuta ta da ajami a bayan littafina na lekol, wato makarantar boko, don kada mu mance.

Rakiya tana da shekara shida, kuma ta riƙe maganar Inna gam: “Ko akurkin kaji ne, ba a shiga babu sallama.” Saboda haka a kowace ƙofa sai ta tsayar da gimbiyarta, ta yi sallama, ta jira. Ni ce mai amsawa, nakan sauya murya kamar wata tsohuwa a ciki. Sau shida na amsa.

A ta bakwai haƙurina ya ƙare, don an saba ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kafin azahar. Ta yi sallama, na ce mata sakarci ne, babu kowa a ciki, ta matsa kawai. Ta sake yi, na yi banza da ita. Sai ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Muna cikin haka kuran ya tafi. Na tashi ina zumɓura baki, na kira ta kunkuru. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Yaya, gobe sai ki amsa mini.”

Washegari ta tashi da zazzaɓi. Baba ya tsallaka gadar kogi da ita a taksi zuwa likita. Ranar Litinin, bayan la'asar, Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan sadakar arba'in na kunna ordinatar. Hannuwana biyu sun isa su tuƙa gimbiyoyin duka. Na kai mai rawaya bakin ƙofa, na zauna ina kallonta, na kasa shigar da ita. Shafin ajamina nan ya tsaya, a ƙofa ta shida.

Yanzu ƴata tana irin wannan wasa a wayata, a gidanmu na Koira Kano. Wayar ce ke tuƙa mata gimbiya ta biyu, ba ta tsayawa, ba ta jiran kowa. Duk sanda na ji ƙarar buɗewar ƙofa daga inda nake ninkin kaya, sai in ji bakina yana cewa a hankali, wa alaikumus salam. Allah Ya isar wa Rakiya da amsar.