Gwaggo Zuliha da amanar Kafaran

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 13 ga Oktoba 1960, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran gwaggona Zuliha a ɗakinta da ke Gidimuni, sakamakon ciwon ƙirji. Babban ɗanta Tahiru da ƙanwarsa Balki suna kanta. Ni ina Damagaram, inda na kama aikin mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, wata ɗaya kafin nan, labarin bai same ni ba sai ran Juma'a. Abin da ban gani da idona ba a nan, na tambayi waɗanda suka gani.

Gwaggo, kowa a garin nan yana da abin da zai faɗa a kanki. Masu awo sun san ba kya shafe bakin tiya. Mu da muka tashi a gabanki mun san raken garkarki da dabinon da kike ɓoye mana a tukunya. Amma abin da nake son ya zauna a rubuce shi ne maganar Kafaran.

A bazarar 1951 wani kamyo, babbar motar kaya mai zuwa Gure, ya sauke wani mutum a bakin hanya, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa. Tsohon soji ne da aka sallama daga barikin Damagaram, mutumin kudancin Cadi, sunansa Ngarta, ba Musulmi ba ne. Ya rarrafa zuwa rijiyar masallaci, ya kafa baki a guga. Samari suka ce arne ya ɓata ruwan alwala, suka ɗauko sanduna. Kina dawowa daga garka, wato lambunki, da kwando a ka. Kika sauke, kika tsaya tsakaninsu da shi, kika ce: “Wannan baƙona ne. Na ba shi amana. Mai son dukansa ya fara da ni.”

Aka kai magana gaban liman, Malam Suma'ila. Wasu suka ce amanar mace ba ta ɗaure gari. Malam ya ce a shari'a baƙon da ba Musulmi ba, in ya shigo ƙasar Musulmi bisa amana, jininsa da kayansa sun haramta ga kowa, kuma mace ɗaya in ta bayar, ta bayar da yawun jama'a. Ya ƙara da cewa akwai malaman da suka ce sai shugaba ya amince, saboda haka ya aika wurin maigari, maigari ya amince. Sunan irin wannan baƙo a littattafai musta'amin. Ke ba ki taɓa kiransa haka ba. Kafaran kike ce masa, muƙaminsa na soja, har gari ya ɗauka.

Kin ba shi ɗakin da ke bayan zaure. Da ya warke ya kama miki ban ruwa a garka. Da azumi, da bakinki a bushe, kike dama masa fura da rana ki aika masa, ki ce ba a ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Ba ki taɓa matsa masa ba, sai dai tsokana. Na ji da kunnena kina ce masa: “Kafaran, ran da ka yi kalmar shahada zan yanka rago.” Ya ce: “Inna, ki yanka yanzu mu ci, sauran sai a hankali.” Kika bi shi da muciya.

Da na iso zaman makoki na tarar da shi a bakin ɗakinsa, kayansa ɗaure cikin tsohon bargon soja. Ya ji wasu dangi na cewa amana ta bi mai ita, ɗakin kuma ya shiga gado. Hankalina ya tashi, don ban san hukuncin ba, kuma ba a koya mana shi a lakwal ba. Na je wurin Malam Suma'ila, wanda yanzu ba ya gani sosai. Ya ce amana ba ta mutuwa da mai bayarwa, tana wuyan jama'a. In ma za a janye ta, sai an raka mutum har inda zai sami aminci. Ya zo wurin makokin, ya sa aka kira Kafaran gaban mutane, ya tambaye shi ina ne wurin amincinsa, a kai shi.

Kafaran ya nuna ɗakin bayan zaure.

Yaya Tahiru ya tashi daga tabarma, ya ɗauki ƙullin bargon da kansa, ya mayar ciki. Ya fito ya ce: “Abin da Inna ta faɗa a bakin rijiya, ni Tahiru na maimaita.”

Gwaggo, Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya ba ki aminci ranar firgita kamar yadda kika ba wanda ba shi da kowa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Tahiru, da Yaya Balki, da jikoki, da jama'ar Gidimuni, da Kafaran Ngarta. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ga abin da ban iya tabbatarwa ba, na bar shi a buɗe. Shekarunki: Tahiru ya ce saba'in, Malam ya ce sun fi. Sunan ƙauyen Kafaran: ya faɗa mini, ban iya rubuta shi daidai ba. Ko yana da sauran dangi a can. Ko kin san hukuncin kafin ki tsaya gaban sandunan nan, ko kuwa sai bayan da Malam ya faɗa. Da kuma ko za a yanka ragon nan wata rana. Tahiru dai ya ce alkawarin na cikin gadonsa, ya kuma ɗaure rago a garke.