Ihu a Bayan Kamfanin Fata Ranar Ganawata

Akwai wata ranar Laraba da ko tsufa ya cim mini ba na jin za ta fita daga raina. Ita ce ranar da wata babbar jami'a ta ƙasar waje ta sa mini don ganawa ta kwamfuta, kafin su yanke ko za su ɗauke ni digiri na biyu.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin fata a Challawa. Kimiyyar sinadarai na karanta a jami'ar gwamnati, irin wadda idan ba ka yi sammako ba sai dai ka ɗauki darasi a tsaye ta taga. Yajin aiki ya ci mana lokaci, na'urori da yawa kuma a littafi kawai muka gan su. Shi ya sa tun da aka sa ranar abinci ya daina shiga mini. Gani nake tambaya ɗaya za su yi su gane ban kai sauran masu neman gurbin ba.

Da yake sabis ba shi da ƙarfi a gidanmu na Zawaciki, na roƙi manaja ya bar ni in yi ganawar a ofis. Na kunna kwamfuta ke nan ina gyara mayafi, sai na ji ihu daga bayan kamfani, wajen ramin da ruwan jimar fata yake taruwa.

Na tarar mutane sun kewaye ramin. Wani ma'aikaci ɗan Filato ne ya shiga zai buɗe bututun da ya toshe, ya yanke jiki ya faɗi. Ina hango shi a ƙasa, jingine da bango, ba ya motsi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancina, nan take na gane gubar da ke cikin wannan iskar. Ba ta ba mutum lokaci.

Abokin aikinsa, wani mutumin Jigawa, har ya ɗora ƙafa a kan tsani. Ban san lokacin da na riƙe rigarsa ba.

"Malama, sake ni, ɗan'uwana ne a ciki," ya ce.

"Malam, idan kuka shiga haka gawa biyu za mu fitar," na ce. "A kawo fankar busar da fata, a kawo igiya."

Aka jawo babbar fankar aka juya ta cikin ramin. Ban taɓa jira mai tsawon wannan ba. Kowa ni yake kallo, ni kuwa ina tunanin idan mutumin nan ya cika muna tsaye, ni na tsayar da su. Daga bisani aka ɗaura wa mutumin Jigawan igiya a ƙugu, ya riƙe numfashi ya sauka, ya ɗaura wa abokinsa wata, aka jawo su. Sai da aka sa ɗan Filaton a mota muka ji ya yi tari.

Na koma ofis a makare. Malamai biyu ne a allon kwamfutar, mace da namiji, har namijin ya fara tattara takardunsa. Na ba su haƙuri na faɗi abin da ya faru. Macen ta tambaye ni ko mutumin yana numfashi. Na ce yana yi.

"To wace iska ce," ta ce, "kuma me za ki canja a ramin don kada a sake?"

Daga nan tambayoyin suka yi tsauri. Wasu na amsa, wata kuma a kan wata na'ura ce, na ce gaskiya ban taɓa ganinta da ido ba. Na kashe kwamfutar na zauna ina kuka, da yaƙinin na faɗi.

Mutumin ya warke ya dawo aiki. Bayan wasu makonni jami'ar ta ɗauke ni.

Abin da ranar ta koya mini shi ne ba sai tsoro ya tafi ake yin abin da ya kamata ba. Yanzu idan ɗalibi ya ce mini makarantarsa ba ta kai ya nemi babban gurbi ba, nakan ce ya nema, ya shiga da tsoronsa. Ni ma da nawa na shiga.