Don Cipriano, Mai Dafa Wa Masu Tono Wake

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, da hantsi, Allah ya yi wa Don Cipriano Treviño rasuwa a gidansa da ke Sabinas, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun farkon sanyi. Ƙanwarsa Doña Amparo ce ta bugo mini waya. Na ajiye wayar, na zauna bakin gado ina jiran kuka, bai zo ba. Mu matan da muka shekara da shekaru muna tonon daji muna neman 'ya'yanmu da aka ɗauke, hawayenmu ya daina zuwa a kan lokaci.

Don Cipriano, na tuna zuwanka na farko cikinmu. Kai kaɗai ne namiji. Ka zo da sheburinka, ka ce sunan 'yarka Nereida, ta fita aikinta na kantin magani ba ta dawo ba. Ba wadda ta tambaye ka ƙari, don kowacce tana da irin labarin. Ka yi tono tare da mu har bayanka ya ƙi. Ranar da muka ɗauke ka ranga-ranga zuwa mota, mun ɗauka mun rabu ke nan.

Asabar ta zagayo sai ga tsohuwar a-kori-kurarka tana tafe a hankali, da tukunyar ƙasa a baya an naɗe ta da bargo. Ka ce kafin ka tsufa kai ke dafa wa makiyayan wani garke abinci, kuma in bayanka ya gaza, hannunka bai gaza ba.

Tun daga ranar ba mu sake tono da yunwa ba. A tsakar gidanka kake girkin. Ka jiƙa waken nan mai roɗi-roɗi tun ranar Juma'a, ka ɗora shi a kan itacen ƙaya, wuta kaɗan-kaɗan. Naman kuwa, kai kake kyafe abinka da hannunka, haƙarƙarin saniya da ƙafa, har su yi baƙi-baƙi. Sai ka soya kitsen da albasa da tumatir da ɗanyen barkono, ka juye cikin waken, ka bar su su san juna. Gishiri sai wake ya yi laushi. Romon yakan fito da kauri, hayaƙi ya ratsa shi, mu dangwala da gurasar alkama muna tsugune a inuwar mota.

Abin da ba zan manta ba shi ne inda kake tsayar da motar. Aikinmu da hanci muke yin sa: mu caka rodi cikin ƙasa, mu zaro, mu sansana bakinsa ko za mu ji warin gawa. Ba wanda ya gaya maka, amma kullum sai ka duba inda iska ke tafiya, ka kai tukunyar can gaba, don kada ƙamshin nama ya rikita mana hanci. In iska ta juya, ka tashi da wannan bayan naka ka sake wuri.

Doña Ofelia, ɗaya daga cikinmu, ta taɓa zolayarka, ta ce, "Don Cipriano, wannan wake ne da nama ko nama ne da wake? Za ka talauce a kanmu."

Ka yi dariya ka ce, "Laifin Nereida ne. Yarinyar nan ba ta son wake ko kaɗan. Tsince naman take yi ta turo mini kwanon. Hannuna ya saba zuba mata da yawa, yanzu kuma ya ƙi ragewa."

Ba wadda ta sake yi maka maganar.

Akwai shekarar da na sare. An sami ƙasusuwa a wani kwari, da takalmi irin na ɗana Anselmo. Na yi wata da watanni ina jiran sakamakon gwaji, da ya fito aka ce ba shi ba ne. Na rufe ƙofata. Na daina fita tono, na daina ɗaga waya, na daina kunna wuta. Wata Lahadi ka ƙwanƙwasa, riƙe da ledar wake da kayan haɗi. Ka shiga kicin ɗina ba tare da neman izini ba, ka shafa murhun, ka dubi ƙurar da ke yatsanka.

"Doña Herminia, murhun nan mutuwa ya yi ko suma?"

Na ce, "Ka bar ni, Don Cipriano. Na gaji."

"Ni ma na gaji. Zauna ki tsince mini tsakuwa, idona ba ya gani."

Na zauna na tsince. Da na gama ka turo mini albasa da wuƙa, ka ce, "Yanka. In wani abu ya zubo, ita za mu ɗora wa laifi." Ka juya mini baya kana soya nama, ba ka waiwayo ba har na ƙare abin da zan yi. Ranar muka ci wake a teburin da na daɗe ban zauna a kansa ba. Ko sau ɗaya ba ka ce in koma tono ba. Asabar ta gaba na ɗauki rodina na fita.

Iyaye da dama sun sami nasu a gaban idonka. Duk wanda aka gano, ka je jana'izarsa, ka dafa wa masu zaman makoki. Naka rabon bai zo ba. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, amma na sha ganinka in an ɗaga wani abu daga rami, ka tsaya cak da ludayi a hannu har sai an ce namiji ne.

Da jiki ya yi nauyi, ka kira Doña Amparo ka bar wasiyya guda: a zurfafa kabarinka, a bar wuri a samanka. Ka ce in an sami Nereida kada a sha wahalar nema mata makwanci.

Ranar Laraba muka isa maƙabarta, muka tarar masu haƙa sun tsaya a zurfin mutum ɗaya, sun ce ƙasa ta yi tauri. Doña Ofelia ta cire gyalenta ta miƙa hannu aka ba ta diga. Muka shiga ɗaya bayan ɗaya, da baƙaƙen kayanmu, muka ƙarasa. Mun tona ramuka da ba mu san adadinsu ba don mu fito da mutum. Wannan ne na farko da muka tona don mu sa.

Gwiwoyina sun gaji, Don Cipriano, kuma yawancinmu mun tsufa. Amma wurin nan da ka bari a samanka mun gan shi da idonmu, mun san zurfinsa, kuma Asabar mai zuwa za mu fita.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ba bayanka hutun da bai samu a nan ba. Ya haskaka makwancinka. Abin da ka rasa sani a duniya, Allah ya sa yanzu ka sani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Amparo, da ɗansa Rosendo da ke ƙetaren iyaka bai sami zuwa ba, da jikoki, da dukan matan da suka ci daga tukunyarsa. Allah ya ba mu haƙuri, ya ba mu ƙarfin hannu, ya nuna mana inda 'ya'yanmu suke kafin mu bi shi.

Herminia Cantú, Sabinas