Ranar da Injina Ya Buga a Hanyar Mahuta

Ni mutum ne mai saurin hannu, kuma ba alfahari nake yi ba. Tun ina yaro a Makera hannuna yake riga bakina magana. Na girma, na buɗe shagon kayan gini a Sabon Tasha, na yi iyali, amma halin nan bai bar ni ba.

Motata wata baƙa ce 'yar Kwatano, mai tarbo, wato abin nan da ke cusa wa inji iska da ƙarfi don ya ƙara gudu. Na so motar nan so na rashin hankali. Mai gyara mini ita wani dattijo ne ɗan Filato a wani gareji da ke Narayi, kowa Baba yake ce masa. Tun kafin in iya tuƙi yake aiki a gindin mangwaro ɗaya, da shi yake ci da iyalinsa. Garejin kuwa yana da doka: duk bakaniken da aka tabbatar a gaban jama'a ya kashe wa mutum inji da sakaci, zai kwashe kayan aikinsa ya bar wurin, ko da furfurarsa ta kai ƙasa.

Wata rana na ce wa Baba ya ƙara mata ƙarfi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Oga, ƙarfin da aka yi ta da shi ya ishe ka. Ina za ka ne?"

Haushi ya kama ni. Motata, a ce mini ina za ni? Sai na kai ta wurin wani mai waldar salansa kusa da shagona. Ya yanke salansar, sannan ya cire wani faranti ya nuna mini ɗan ƙarfe siriri a jikin tarbo. Ya ce shi ke buɗe ƙofa ya saki iska idan ta yi yawa, in aka ɗaure shi ba abin da zai kamo ni a titin Kaduna. Ba shi da wayar ɗauri a kusa, ni kuwa ga ta buhu guda a shago. Na yanko wayar ɗaurin rodi, na murɗe ta da filayata, da hannuna, aka mayar da faranti.

Mota ta zama aljana. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari tana damuna, na yanki baƙin salatif na liƙe ta, na huta. Ana wahalar mai a lokacin, ni kuma ba ni da haƙurin layi, sai in tsaya wurin masu jarka a bakin titi su ɗura mini.

Ba a yi sati biyu ba ta fara ƙara. Da na taka totur a hawa sai in ji ƙas-ƙas-ƙas, kamar tsakuwa a gwangwani. Na koma wa Baba. Ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya kafa kunnensa a marikin, ya rufe ido ya daɗe.

"Akwai abin da ke dukan fistan kafin lokacinsa," in ji shi. "An taɓa wani abu ban da salansa?"

"Ba a taɓa komai ba."

"Oga, ka tabbata?"

Na rantse masa. Ya canza baƙin mai da fulogi, ya ce in bar ta ta kwana ta huce ya bincika tarbon da safe. Na ce ina da uzuri, na karɓe makullina. Ya biyo ni har bakin taga yana cewa in lallaɓa ta, kada in taka.

Ranar Asabar da rana tsaka, a hanyar Mahuta, wani mai bas ya wuce ni yana leƙe yana dariya. Shi ke nan, na nitsar da ƙafata. Ƙarar ta tashi ta zama ruri, sai na ji dum a ƙarƙashin ƙafafuna, sitiyari ya girgiza har haƙorana suka haɗu. Hayaƙi ya rufe gilashi. Da na fito, baƙin mai na gudu a kwalta, ga wani guntun ƙarfe ya fasa cikin inji ya leƙo waje. Inji ya buga, bugun da ba gyara.

Wallahi a wannan lokacin ko sau ɗaya wayar nan ba ta faɗo mini a rai ba. Abin da na tuna kawai shi ne kwana biyu da suka wuce hannun Baba yana cikin injin nan. Na buɗe but na ɗauko sifanar taya, na tare keke mai ƙafa uku, na ce Narayi.

Na same shi a sunkuye cikin bonet ɗin wata mota. Ban yi sallama ba. Na fizgo wuyan rigarsa na juyo da shi na zabga masa mari, tabaraunsa ya yi sama.

"Ka kashe mini inji, tsohon banza."

"Oga, tsaya mu…"

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ɗaga sifanar na kawo masa a ka. Ya sa hannun dama ya tare, hannun ya faɗa kan gefen motar, ni kuwa na sake kawowa na biyu da dukkan ƙarfina, ƙarfe ya same shi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na ji ƙasusuwan sun ruguje. Baba bai yi ihu ba, durƙushewa ya yi yana kallon hannun, yatsu biyu sun juya baya, jini na bin gwiwar hannunsa.

Daga nan gareji ya rufto mini. Wani ya shaƙe ni ta baya, wani ya sa mini gwiwa a ciki. Aka kai ni ƙasa cikin baƙin mai, ana tafka mini tsohon fambel, bel ɗin robar inji, a baya, takalma na sauka a haƙarƙarina. Haƙorina na gaba a nan na bar shi. Ina ƙasa ina ta zaginsu, ina cewa sai na ga bayan garejin. Ciyaman ɗin garejin, wani ƙaton mai fenti, shi ya ratsa ya ce, "Kada ku kashe shi tukuna. A buɗe injin."

Aka ce a fara kai Baba asibiti. Ya ƙi. Ya ce in ya tafi za a ce gudu ya yi, ba inda za shi sai an ga abin da ya kashe motar. Aka naɗe masa hannu da tsumma, aka zaunar da shi a benci. Aka je aka jawo motar da igiya, ni kuma aka jingine ni da taya, mutum biyu tsaye a kaina.

Baba ke ba da umarni, wasu bakanikai biyu na kwancewa. Ya ce a fara da aikinsa. Aka duba noti na ƙasa inda ake zubar da baƙin mai, a ɗaure tam. Aka duba filta, lafiya lau. Ya ce a ciro fulogin da ya sa. Sababbi ne, amma bakinsu ya ƙone ya yi fari, ɗaya ma ya narke. Aka ɗaga kan inji. Fistan ɗaya ya huje a tsakiya, ramin zai ci babban yatsa, sauran duk gefensu ya zaizaye.

"Wannan ba ƙishin baƙin mai ba ne," in ji Baba, gumi na zuba daga haɓarsa. "Wuta ce ta yi yawa. Ku shinshina tanki."

Aka zuƙo man a kwalba, ya zagaya hanci-hanci. Warin kalanzir ne da masu jarka suka gauraya a ciki, ko makaho ya sani. Baba ya ce kalanzir kaɗai ba zai yi wannan ɓarnar cikin sati biyu ba, a cire farantin tarbo. Aka cire. Ciyaman ya sunkuya, ya sa filaya ya tsinko wayar, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Wani ya leƙa cikin motar ya ɓanɓaro salatif ɗin ya kawo masa.

"Wa ya ɗaure wannan?" Ciyaman ya tambaye ni.

Na nemi wanda zan ɗora wa, na rasa. Duk zafin da ke kaina ya sauka lokaci guda, tsoro da kunya suka maye wurin, har na ji ina son su ci gaba da dukan.

"Ni ne."

Ciyaman ya juya ga jama'a ya ce Baba ba shi da laifi, wurinsa nasa ne har ranar da ya ga dama. Sai a lokacin Baba ya yarda aka ɗauke shi, kuma kafin a kai bakin titi ya suma.

Na kwana biyu a hannun 'yan sanda, aka sake ni saboda Baba ya aiko cewa ba ya ƙara. A asibiti aka cire masa yatsu biyu, sauran ukun suka sandare. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, wataƙila da an ceci ɗaya. Na yi ta zuwa dubiya, matarsa ba ta taɓa amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan wata huɗu ya dawo gareji, na je na tsaya daga nesa. An share masa gindin mangwaro, an kawo masa wata ƙaramar mota, canjin fulogi kawai. Ya sa sifana a hannun dama, ta zame ta faɗi. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Ya koma hagu ya yi ta fama, fulogin ko motsi. Kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa.

Baba ya rufe bonet a hankali, ya ba mai motar haƙuri. Ya tsugunna ya jera sifanoninsa cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, ya rufe. Ciyaman ya zo ya ce masa ba wanda ya kore shi. Baba ya ce ya sani.

Na taho na tare gabansa, hawaye na zuba, na ce ya yafe mini, ya bar ni ko akwatin ne in ɗaukar masa. Ya ɗaga shi da hannun hagu, kafaɗarsa ta karkace saboda nauyi.

"Oga," in ji shi, "matsa mini in wuce."