Wuƙar Baba da Bunsurun Kirsimeti

Shekarar da na koma gidanmu a Kontagora wankan jegon 'yata ta fari, a shekarar ne aka so hana Baba yanka bunsurun Kirsimeti.

Maƙwabcinmu Bakambare ne a ƙabila, Kirista, asalin gidansu wajen Rijau. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun kafin a haife ni, duk safiyar Kirsimeti yakan aiko Baba ya je ya yanka masa bunsuru da bisimilla, don Musulmin layi su ci naman hankali kwance. Da Babbar Salla kuwa cinyar ragonmu tasa ce. Haka muka taso muka tarar.

Sai ga wani ɗan layinmu ya dawo daga karatu da lasifika da zafin kai. Yaron da ya ƙare mangwaron gidan Bakambaren nan da jifa! Ya miƙe a masallaci ya ce duk wanda ya sa wa dabbar bikin Kirista wuƙa, kada a ƙara bin sa salla. Baba shi ne na'ibin liman, kuma ba abin da yake gudu irin surutun jama'a. Ya shigo jiki a sanyaye ya ce bana ba zai je ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ni ba na iya musu da shi.

Kaka, mahaifiyarsa, ba ta da wannan matsalar. Tana dama mini kunun kanwa ta kira shi.

"Kai, zo nan. Ina yarinya, Turawa sun bar wani ƙaton fili tsakanin bariki da gari, wai kada sauronmu ya kai musu ciwo. Ubana da kakan maƙwabcin nan su ke sare ciyawar wurin. Ba a bari su taɓa ruwan bariki, gora ɗaya suke sha. Bature bai taɓa tambaya wane ne mai salla a cikinsu ba, baƙar fata ce kawai, ku tsaya can. To Bature ya tafi, filin ya cika da gidaje. Yanzu kai ne za ka share mana wani sabo a tsakiyar layi?"

Baba ya sunkuyar da kai.

Ranar Kirsimeti har hantsi ba a aiko ba. Maƙwabci ya ji labari, kunya ta hana shi. Muna jin bunsurun yana ta kuka a bayan katanga. Kaka ta zaro wuƙar Baba daga saman randa, ta dogara sandarta ta nufi zaure.

"Tunda ɗana ba zai je ba, yau gari zai ga tsohuwa tana yanka."

A wurinmu mace ba ta yanka dabba alhali da namiji a gida, abin kunya ne babba. Baba ya bi ta a guje, ko hula babu, ya karɓe wuƙar ya wuce gidan maƙwabci. Ni kuma da jaririyata a kafaɗa na taka turmi ina leƙe ta katanga.

Maƙwabci ya tare shi a tsakar gida. "Malam, da ka bar shi. Ni ba na so su ɓata sunanka saboda nama."

"Riƙe mini ƙafafun, Yaya," in ji Baba.

Yakan yi bisimillarsa a hankali, amma ran nan sai da aka ji kabbararsa a bakin titi. Kaka ta rangaɗa guɗa. Ni dai ban san sanda hawaye suka zubo mini ba, don daɗi.

Liman ya yi tafiya Bangi, don haka Baba ne zai ja azahar. Ya fita kamar mai zuwa kotu. Da ya dawo, Kaka ta tambaye shi mutum nawa suka bi shi.

"Inna, har waje aka shimfiɗa tabarma."

Yana rufe baki aka yi sallama. Mahaifiyar mai lasifikar ce, da kwanonta a ƙarƙashin mayafi. Ta ce an raba naman tana kasuwa, ko da sauran namu mu ɗiba mata.